Filin Tambaya da Amsa: Neman Tarihin Somaliyawa a Rumbunan Takardu na Intanet

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda, wato yadda ake neman takardun tarihin al'ummar Somali a rumbunan da aka zuba a intanet. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

Assalamu alaikum malamai. An ba ni aikin rubutu a kan Somaliyawa kafin samun 'yancin kai. Wane rumbu zan shiga in sami komai a wuri ɗaya?
*Wata ɗalibar tarihi*

Wa alaikis salam, Malama. Rumbu ɗaya da ya tattara komai babu shi, kuma gara ki san dalili tun yanzu, don dalilin ne zai nuna miki hanya. An yi wa Hargeysa ruwan bama-bamai a 1988, gwamnatin Siad Barre ta faɗi a Janairun 1991, kuma a rikicin da ya biyo baya aka wawashe ko aka lalata abubuwa masu yawa a ofisoshin gwamnati da gidan tarihi da ɗakin karatu na ƙasa a Mogadishu. Tun kafin yaƙin ma takardun a warwatse suke, saboda ƙasar da Somaliyawa ke zaune a cikinta ta kasu gida biyar a zamanin mulkin mallaka, kowace hukuma da harshenta, kowacce kuma ta kwashe takardunta zuwa gida.

Saboda haka kafin ki taɓa akwatin bincike, rubuta amsar tambaya uku a takarda: wane gari, wace shekara, wa ke mulkin wurin a shekarar.

In maganarki ta shafi arewa ce, su Berbera da Zaila da Hargeysa, to Birtaniya ce daga 1884 zuwa 26 ga Yuni 1960. Sai dai a nan akwai tarko. Har zuwa 1898 gwamnatin Turawan Ingila ta Indiya ce ke kula da gaɓar, ta hannun wakilinta na Adan, don haka takardun lokacin suna cikin kundin Ofishin Indiya a British Library. Wani kaso nasu yana Qatar Digital Library kyauta, da bayani cikin Larabci da Ingilishi. Daga 1898 zuwa 1905 Ma'aikatar Harkokin Waje ce ta riƙe yankin, sannan Ma'aikatar Mulkin Mallaka ta karɓa. Wasiƙun zangon Ma'aikatar Mulkin Mallaka suna jerin da ake kira CO 535 a ma'ajiyar takardun ƙasa ta Birtaniya da ke Kew.

In kudu ce, su Mogadishu da Marka da Baraawe, to Italiya ce: kamfanoni tukuna, sannan gwamnati kai tsaye daga 1905. Takardun Ma'aikatar Afirka ta Italiya, waɗanda masu bincike ke kira ASMAI, suna ma'ajiyar tarihi ta Ma'aikatar Harkokin Wajen Italiya a Rum. Daga 1941 zuwa 1950 sojojin Birtaniya ne suka mulki kudun, sai ki koma Kew. Daga 1 ga Afrilu 1950 zuwa 1 ga Yuli 1960 Italiya ta dawo a matsayin mai riƙon amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wannan zangon ne ya fi kowane sauƙin bincike daga nesa, don rahotanninsa suna rumbun Majalisar na intanet. Kismaayo kuwa tana hannun Birtaniya har 1925, lokacin da aka miƙa Jubaland ga Italiya. Wanda ya neme ta a takardun Italiya na 1915 zai sha wahalar banza.

Jibuti ta Faransa ce har 27 ga Yuni 1977, takardunta suna Aix-en-Provence, littattafai da taswirori kuma a Gallica, rumbun intanet na ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Arewa maso gabashin Kenya ki neme shi da sunansa na da, Northern Frontier District, ko NFD a taƙaice. Ogaden da Haud, yankunan Somaliyawa da ke ɓangaren Habasha, suna cikin takardun Habasha da na Birtaniya da na Italiya baki ɗaya.

Abin da Somaliyawa suka rubuta da kansu kuma, wurare uku za ki fara dubawa. Akwai Archivio Somalia na Cibiyar Nazarin Somali a jami'ar Roma Tre, mai rubuce-rubuce da hotuna da sauti. Akwai Digital Somali Library na jami'ar Indiyana a Amurka, mai littattafai da fastoci cikin harshen Somali. Sai Kaydka Af Soomaaliga, taskar kalmomi da matani da Jama Musse Jama ya jagoranta, wanda ya kafa Cibiyar Al'adu ta Hargeysa.

Malamai, na rubuta sunan garin Beledweyne da na wasu mutane a rumbu uku, ko takarda ɗaya ba ta fito ba. Babu ne, ko ni ne ban iya ba?
*Wani mai nazarin tarihin garuruwa*

Akwai su, Malam, sunan ne ba haka aka rubuta shi ba. Wannan ita ce matsalar da ta fi kayar da masu bincike a wannan fagen, shi ya sa za mu daɗe a kanta.

Rubutun boko na harshen Somali bai zama na hukuma ba sai 21 ga Oktoba 1972. A takardun Turawa da suka riga wannan ranar, Bature ne ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, da ƙa'idar harshensa. Beledweyne a takardun Italiya Belet Uen ce. Kismaayo ta zama Chisimaio, a wurin Ingilishi kuma Kismayu. Muqdisho ta zama Mogadiscio, mutanen garin kuma sukan ce Xamar. Baraawe ta zama Brava, Hobyo ta zama Obbia, kogin Shabeelle ya zama Uebi Scebeli, Jubba ya zama Giuba.

In ka lura, ba da ka aka yi ba, akwai ƙa'ida. Ɗan Italiya yana rubuta *u* a wurin *w*, *sc* ko *sci* a wurin *sh*, *ch* ko *c* a wurin *k*, *gi* ko *ge* a wurin *j*. Da wannan kaɗai za ka iya ƙirƙiro rubutun da kanka: Jilib ta koma Gelib, Wanlaweyn ta koma Uanle Uen, Majeerteen suka koma Migiurtini. Turawan Ingila su ma da nasu: Burco ita ce Burao, Ceerigaabo ita ce Erigavo, Laascaanood ita ce Las Anod, Dhulbahante su ne Dolbahanta, Ciise kuma Esa ko Issa.

Sai haruffa biyu da ke rikita duk wanda bai san bokon Somali ba. Harafin *c* yana tsaye ne a madadin ainun na Larabci, *x* kuma a madadin ha mai ƙarfi, ta cikin Muhammad. Saboda haka Cali shi ne Ali, Cumar shi ne Umar, Xasan shi ne Hasan, Maxamed shi ne Muhammad. Wanda ya duba Abdullahi a ƙarƙashin A a jerin sunayen da aka tsara bayan 1972 ba zai gan shi ba, yana ƙarƙashin C. Dogon wasali ana ninka shi ne, *dh* kuma ta yi kusa da *ɗ* tamu.

Wasu garuruwan ma sunan aka sauya ɗungurum. Jowhar a zamanin Italiya Villaggio Duca degli Abruzzi ce, ana taƙaita ta Villabruzzi. Gaalkacyo ta taɓa zama Rocca Littorio. Boosaaso kuwa Bender Cassim ce. Babu ƙa'idar rubutu da za ta kai ka ga waɗannan, sai tsohuwar taswira. Ka sauke taswira ɗaya ta Italiya ta shekarun 1930 da ɗaya ta Ingila, ka ajiye su kusa da ta yau.

Game da mutane, Somaliyawa ba su da sunan dangi irin na Turawa. Sunan mutum ne, da na uba, da na kaka, mace ma ba ta sauya nata don ta yi aure. Mai tsara katalogi Bature yakan ɗauki na ƙarshe ya mai da shi sunan dangi, wani ya ɗauki na tsakiya. Ka gwada kowanne a gaba. Ka kuma nemi laƙabi, wanda suke kira naanays, don mutane da yawa da shi aka san su. Shugaban ƙasa na farko za ka same shi da Aden Abdulle Osman, da Aden Abdullah Osman, da Aadan Cabdulle Cismaan, da kuma Aadan Cadde.

Shawararmu ita ce ka buɗe jadawali mai layi huɗu ga kowane suna: Somali, Italiyanci, Ingilishi, Larabci. Duk sabon rubutun da ka ci karo da shi ka ƙara. A rumbun da ya yarda da alamar tauraro, kamar katalogin Kew, rubuta Kism* zai kawo maka Kismayu da Kismayo da Kismaayo a bugu ɗaya. Chisimaio dai sai ka neme ta daban.

Na ga takardar da nake so a katalogin Kew, da lambarta da komai, amma babu wurin saukewa. Ina matsalar?
*Wani malamin makaranta*

Babu matsala a na'urarka, Malam. Katalogi daban, takarda daban. Yawancin fayilolin CO 535 bayaninsu ne kawai ke intanet, su kansu suna cikin kwali a Kew. Ko dai mutum ya je da kansa, ko ya aika wani, ko ya nemi ma'ajiyar ta ƙirga shafukan ta faɗa masa kuɗin kwafi. Kafin ka biya, duba ko an taɓa buga takardar. Rahotannin shekara-shekara na yankin an buga su, kuma takardun majalisar ministocin Birtaniya, masu alamar CAB, da yawansu ana iya sauke su. Haka abin yake da ASMAI a Rum, mafi yawa sai an je. Ka kuma sani cewa harin da aka kai wa kwamfutocin British Library a Oktoban 2023 ya kashe adireshi masu yawa. In tsohon mahaɗi ya ƙi buɗewa, nemi takardar da lambarta a Qatar Digital Library.

Na sauke tsohuwar jarida ta Italiyanci, ina ganin kalmar da idona a shafi, amma in na bincika cikin fayil ɗin sai a ce babu.
*Wata mai bincike*

Abin da kike gani hoto ne, Malama. Binciken yana bin wani rubutu ne da ke ɓoye a bayan hoton, wanda manhajar karanta haruffa, wato OCR, ta samar. Ga gwaji mai sauƙi: zaɓi layi biyu, ki kwafa, ki liƙa a wani wuri. In ba abin da ya kwafu, babu rubutun ɓoye sam. In shirme ya fito, akwai shi amma ya lalace.

Jaridu irin su Corriere della Somalia na shekarun 1950 da Xiddigta Oktoobar ta zamanin soja suna wahalar da manhaja saboda dalilai sanannu. Takardar ta yi ja, tawada ta ratsa daga bayan shafi, kuma manhajar takan tsallaka daga wannan ginshiƙi zuwa wancan ta gauraya labari biyu. Kalmar da aka raba a ƙarshen layi takan zama biyu. Takardun tafireta da aka yi da kabon sun fi muni, *e* da *o* da *c* duk su zama abu ɗaya. Sannan in an saita manhajar a kan Ingilishi aka ba ta Italiyanci ko Somali, sai ta riƙa tura kalmomin zuwa waɗanda ta sani.

Gyaran shi ne a sake karanta fayil ɗin da harshen da ya dace. OCRmyPDF kyauta ce. In aka ba ta alamar "-l ita", za ta karanta da Italiyanci, --deskew tana miƙe shafin da ya karkace, --force-ocr kuma tana watsar da tsohon rubutun ɓoye. Hoton da bai kai ɗigo 300 a kowane inci ba ba ya ba da sakamako mai kyau, don haka ki ɗauki babban fayil in rumbun ya ba da zaɓi. Ki nemi guntun kalma maimakon cikakkiya, misali ogadisc daga Mogadiscio. Rubutun hannu kuwa OCR ba ta iya shi, sai irin su Transkribus, su ma sai an bi bayansu. In kin san watan da abin ya faru, buɗe jaridun watan ki karanta da ido, ya fi sauri.

Wata takarda ta ce an yi yaƙin Ogaden a 1969, wata ta ce 1977. Wata kuma lambar Rumawa kawai ke jikinta. Wacce zan bi?
*Wani ɗalibin jami'a*

Duka biyun gaskiya suka faɗa, kalandarsu ce ta bambanta. Yaƙin ya ɓarke a Yulin 1977, wanda a lissafin Habasha ya faɗo cikin 1969. Shekarar Habasha tana farawa ne a 11 ga Satumba, ko 12 a shekarar da ta gabaci mai kwana 366. Daga Janairu zuwa 10 ga Satumba ka ƙara 8, daga sabuwar shekararsu zuwa ƙarshen Disamba ka ƙara 7. Hatsarin a nan babba ne, don a 21 ga Oktoba 1969 ta miladiyya ne soja suka yi juyin mulki a Mogadishu, kuma wanda bai lura ba zai haɗa abubuwa biyu da ke da tazarar shekara takwas.

Lambar Rumawa kuma lissafin zamanin Mussolini ne, wanda shekararsa ta farko ta soma a ƙarshen Oktoban 1922. Daga Janairu zuwa 28 ga Oktoba ka ƙara 1922 a kan lambar, daga 29 ga Oktoba zuwa Disamba ka ƙara 1921. Wasiƙar Maris mai alamar XV ta 1937 ce, ta Nuwamba mai alamar XV kuma ta 1936.

Wasiƙun sarakuna da malamai da alƙalai da Larabci suke, da hijiriyya. Ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami kusan daidai: 1338 ta faɗo tsakanin 1919 da 1920. In ana bukatar rana takamaimai, a yi amfani da jadawalin sauyi, a kuma bar sararin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata. Takardun Amurka suna sa wata kafin rana, 7/1/60 a wurinsu 1 ga Yuli ce.

Tunda ana maganar lissafi, a kula da kuɗi ma. A arewa rupin Indiya ake kashewa, mai anna 16, har 1951 da aka koma sulen Gabashin Afirka. A kudu akwai rupiyar Italiya mai besa 100 har 1925, sannan lira, sannan somalo daga 1950. Rupi biyun ba ɗaya ba ne a takarda, kada a haɗa jimillarsu ba tare da an faɗi wanne ake nufi ba.

Ranku ya daɗe, rahotannin Turawa sun cika da zagin Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan, malamin da ya jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a ƙasar Somali. Ya halatta in kafa hujja da su? In ba haka ba, ina zan ji muryar Somaliyawan kansu?
*Wani mai sha'awar tarihin malamai*

Ya halatta, Malam, in ka san abin da kowace takarda za ta iya shaida. Rahoton hafsan Ingila abin dogaro ne a kan ranar da rundunarsa ta tashi, da yawan raƙuman da ta nema, da kuɗin da ta kashe, don a kan waɗannan za a tuhume shi. Ba abin dogaro ba ne a kan niyyar Sayyid, ko yawan mutanen da aka kashe a ɗaya ɓangaren, ko dalilin da ya sa wata zuriya ta bi shi wata ta juya masa baya. Labarin irin wannan ta bakin tafinta da 'yan leƙen asiri ya zo, kowannensu da danginsa da bukatarsa. Duk rahoton da ka buɗe, nemi wanda ya kawo labarin, ka duba ko mai rubutun ya gani da idonsa ko ji ya yi.

Dole kuma ka yi bincike da kalmominsu, ko da ba ka so. Katalogin Ingila ba ya cewa Sayid Maxamed Cabdulle Xasan. Mullah yake cewa, ko Mad Mullah, mabiyansa Daraawiish kuma Dervishes. Yarjejeniyar 1905 da Italiya ka neme ta da Illig, hedikwatarsa ta Taleex da jiragen Ingila suka yi wa ruwan bama-bamai a 1920 kuma da Taleh ko Tale. Ka yi amfani da laƙabin wajen nema, ka bar shi a can wajen rubutu.

Muryar Somaliyawa tana nan, sai dai ba a inda aka saba nema ba. Wuri na farko waƙa ce. Gabay, wato doguwar waƙarsu ta gargajiya, a wurinsu jarida ce, hujja ce, makami ce, kuma masu haddace ta suna riƙe kalmomin yadda suke tare da sunan mai su. Yaƙin Dul Madoobe na Agustan 1913, inda aka kashe hafsan Ingila Richard Corfield, yana da rahoton Ingila, yana kuma da waƙar da Sayyid ya yi a kansa. Karanta su tare. Gabay tana da wata ƙa'ida da ke taimakon mai bincike: harafi ɗaya ake bi daga farko har ƙarshe, kowane rabin baiti sai an sami kalmar da ta fara da shi. In ka ga baitin da ya rasa harafin, ka zargi mai kwafi.

Wuri na biyu ƙorafe-ƙorafen da jama'a suka aika wa Kwamitin Amintattu na Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarun 1950. Alamarsu T/PET.11 ce. A ciki akwai jam'iyyu irin su Somali Youth League (SYL), wadda aka kafa a 15 ga Mayu 1943, da dattawan zuriya, da 'yan kasuwa, da manoman bakin kogi masu kukan ƙwacen gona. A ganinmu wannan jeri bai sami masu karatun da ya cancanta ba. Ka tuna dai fassara ce kake karantawa, kuma mai ƙorafi yana zaɓar kalmomin da za su yi tasiri a New York.

Ga zamanin yaƙin cacar baka, ka gwama ɓangarori. Jerin takardun diflomasiyya da ake kira FRUS na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka kyauta ne a intanet, rumbun Wilson Center kuma yana da fassarar takardun Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas, har da bayanin da Fidel Castro ya yi wa shugaban Jamus ta Gabas Erich Honecker a Afrilun 1977 kan zaman sulhun da ya haɗa tsakanin Siad Barre da Mengistu na Habasha a Adan. A kuma lura da waɗanda takardu suka yi wa ƙaranci: mata, masu magana da Maay (wani reshen harshen Somali na kudu), mutanen Baraawe, Bajuni na gaɓar teku, da manoman da ake kira Jareer. Ƙarancin takarda a kansu ba ya nufin ƙarancin tarihi.

Na sami hoton wata takarda da haruffan da ban taɓa gani ba. Google Translate zai iya?
*Wata mai karatu*

A'a, sai an fara gane rubutun. Kafin 1972 akwai ajamin malamai da ake kira rubutun wadaad, wanda yakan gauraya Larabci da Somali. Akwai Osmanya da Cismaan Yuusuf Keenadiid ya ƙirƙira a farkon shekarun 1920, akwai na Borama na shekarun 1930, akwai na Kaddare na 1952. Osmanya ce aka fi cin karo da ita. Daga hagu zuwa dama ake rubuta ta, ta shiga Unicode a 2003, kuma in kwamfuta tana nuna akwatuna a madadinta, a saka haruffan Noto Sans Osmanya. Da jadawalin haruffa a gefe, ana iya mai da shafi zuwa boko harafi bayan harafi.

Bayan haka fassarar na'ura tana iya nuna abin da takardar ke magana a kai, iyakarta ke nan. Tana tuntuɓe a waƙa, da kalmomin xeer, wato dokar gargajiya, da sunayen raƙuma da na zuriya, kuma Maay ba nata ba ne. Ƙamusun Annarita Puglielli da Cabdalla Cumar Mansuur na 2012 yana intanet kyauta daga Roma Tre. Duk jimlar da za a kafa hujja da ita, mai jin harshen ya duba ta tukuna.

Yaya zan ajiye abin da na samo, yadda ba zai ɓace mini ba, kuma wani zai iya bin sawuna?
*Wani ɗalibin digiri na biyu*

Lambar ma'ajiya ita ce asali, adireshin intanet na biye. Ga kowace takarda rubuta sunan ma'ajiya, lambar fayil, lambar shafi, wanda ya rubuta, wanda aka rubuta wa, kwanan wata yadda yake a jiki da yadda ka sauya shi, da ranar da ka sauke. Takardun Majalisar Ɗinkin Duniya alamarsu ta isa, misali S/RES/794 ta Disamban 1992. In rumbun ya ba da adireshi na dindindin, kamar handle ko DOI, shi za ka ɗauka, ba dogon adireshin da ke saman burauza bayan bincike ba, wanda yakan mutu da an rufe shafin. Ka sa wa fayil suna da shekara, wata, rana, sannan lamba, don su jeru da kansu. Zotero tana riƙe bayanan, Tropy kuma an yi ta ne don hotunan takardu. Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ka kuma sauke shafin da ya gabata da wanda ya biyo, don sau da yawa sharhin da jami'i ya rubuta a bangon fayil ya fi wasiƙar kanta faɗin gaskiyar abin da aka yanke.

Maƙwabcinmu Basomale ne, yana da kwali cike da kaset na waƙoƙi da saƙonnin dangi na shekarun 1980. Yana son a mai da su na kwamfuta a sa a intanet. Ta ina za mu fara?
*Wani mai gyaran na'urori*

Abin da ke kwalin nan yana da daraja, Malam, don a waɗancan shekarun kaset ne wasiƙar Somaliyawa, shi ne kuma hanyar waƙar da gwamnati ta hana. Kafin a saka ko ɗaya a rediyo, a ɓalle 'yan marfin da ke saman kowane kaset don kada a goge shi bisa kuskure. A ba kowanne lamba, a ɗauki hoton gaba da baya da duk rubutun da ke jiki. Wanda ya yi fumfuna ko zarensa ya manne a ware shi, kada a kunna, zai tsinke ya kuma ɓata kan na'urar. Sauran a zagaya su gaba da baya sau ɗaya don zaren ya saki. A duba ɗan audugar da ke danne zaren a tsakiya, takan faɗi, in babu ita sauti ya dushe.

A yi amfani da dek mai kyau da kebul zuwa na'urar shigar da sauti, ba waya a bakin lasifika ba. A goge kan dek da barasar isopropyl bayan 'yan kaset kaɗan. A ɗauka a WAV, aƙalla 48 kHz da bit 24, wanda ke cin kusan gigabait 1 a awa. Kaset mai alamar C90 minti 45 ne kowane gefe, a ɗauki gefen gaba ɗaya ba tare da yankewa ba. Wannan fayil shi ne uwa, ba a taɓa shi. Rage ƙara da yanka da MP3 duk a kan kwafi ake yi. In akwai takardu a kwalin, hoto mai launi a ɗigo 300 cikin TIFF yana cin kusan megabait 25 a shafi.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne a zaunar da mai kaset ɗin ya saurara, ya faɗi wanda ke magana, da wanda ya yi waƙar, da wanda ya rera ta, da garin, da shekarar. Sautin da ba a san mai shi ba rabin amfaninsa ya tafi.

Zancen sawa a intanet kuwa, a raba kaset ɗin gida biyu. Waƙoƙin da aka riga aka sani a bainar jama'a daban, saƙonnin dangi daban. Saƙon 1988 yana iya ambatar wanda ya tsere, da wanda ya ɓoye shi, da wanda ake zargi da kai rahoto, da zuriyar kowannensu, kuma mutanen nan ko 'ya'yansu suna raye. Irin waɗannan ba a sa su sai da yardar masu muryar ko magadansu, a rubuce. Cibiyar Al'adu ta Hargeysa tana tara kaset, haka ma akwai gidan tarihin Somali a Minnesota. In za a tuntuɓi ɗayansu, a tambaya tun farko ko suna karɓar ajiya bisa sharaɗin a rufe wani sashe zuwa wasu shekaru, a kuma rubuta sharaɗin cikin takardar miƙawa, lambar kaset bayan lambar kaset.